Ƙudan ɓawon mangwaro da furotin ɗinsa: inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Lokacin mangwaro na fi son koyar da darasin yadda furotin ke sauyawa a jikin halittu a makarantarmu ta ƙauye a nan Jigawa. Sai in jefa ɓawo a kwalba in ajiye a taga, kafin kwana biyu 'yan ƙudaje masu jan ido sun taru. Nan take wani zai ce, "Malam, ai su ne ke sa tsutsa a mangwaron Baba." Ba su ba ne. Mai huda mangwaro tun yana bishiya wani dangi ne daban, ya fi girma. Na kwalba sunansa Durosofila, ruɓaɓɓen abu yake bi, asalinsa Afirka, kuma cikin kwana goma ƙwai kan zama ƙuda.

Furotin kamar jigida yake, an jera shi da duwatsu iri 20 da ake kira amino asid. DNA ke faɗin jerin, haruffa uku ga kowane dutse. Haɗin haruffan 64 ne, don haka dutse ɗaya kan sami rubutu fiye da ɗaya. Wani harafin in ya sauya, dutsen ya sauya. Wani kuwa shiru kake ji, jigidar tana nan yadda take. Wanda bai riƙe wannan ba, sauran darasin zai wuce shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne maganar masu feshin wake: "ƙwari sun saba da magani." Ɗalibai kan rubuta haka a jarrabawa, kamar ƙudan ne ya ga guba ya gyara jikinsa. A Durosofila an gano cewa sauyin dutse ɗaya tak, alanin ya koma serin a furotin ɗin Rdl, shi ke hana maganin diyeldirin kama shi. Sauyin tuntuɓe ne wajen kwafar DNA. Feshi ya kashe saura, mai shi ya hayayyafa. Mai shiƙar gero ba ta ƙirƙiri tsaba ba, iska ce ta kwashe ƙaiƙayi.

Na gaba ya fi wuyar kamawa, ni kaina na daɗe ina yin sa. Idan furotin bai sauya ba, sai a ɗauka zaɓin yanayi, wato irin tacewar nan da ke barin wasu su hayayyafa wasu su ƙare, barci yake yi. A 1983 Martin Kreitman ya karanta kwafi 11 na ƙwayar gado mai suna Adh, wadda furotin ɗinta ke narkar da barasar da ke tasowa a ruɓaɓɓen ɗan itace. Ya sami bambanci a wuri 43, amma guda ɗaya ne kawai ya sauya amino asid. Ina sauran sauye-sauye masu taɓa amino asid suka shiga? Sun auku, masu ɗauke da su ne ba su yi ƙarko ba. Mafi yawan aikin zaɓi ke nan, korar abin da zai ɓata furotin.

Sai masu ganin kowane bambanci tsakanin jinsi biyu yana da amfani. Tun 1968 Motoo Kimura na Japan ya ce da yawa sa'a ce kawai ke yaɗa su, ba riba ba asara. Gyaran nan lissafi ne. A 1991 McDonald da Kreitman suka kwatanta Adh a jinsin Durosofila uku. A cikin jinsi, sauyi mai taɓa furotin 2 ne, na shiru 42. Tsakanin jinsunan kuwa, 7 ne da 17. Da sa'a ce kaɗai ke aiki, da rabon biyu ya zo kusa da juna. Rarar sauyi mai taɓa furotin a tsakanin jinsunan ita ce shaidar cewa zaɓi ya tura wasu sauye-sauyen gaba. Nakan sa su raba 2 da 42, su raba 7 da 17 da hannunsu, a nan fuska ke washewa.

Masu kaifin kai nakan ƙara musu cewa sauyin shirun ma ba koyaushe yake banza ba, don ƙudan ya fi yawan amfani da wasu rubuce-rubucen a kan wasu. Da irin lissafin McDonald da Kreitman ne Smith da Eyre-Walker suka ƙiyasta a 2002 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na sauyin amino asid a jinsunan da suka duba zaɓi ne ya kafa su. Adadin na ƙudan ne, kada a ɗauke shi a jingina wa akuya ko dawa.