Yadda za ka shirya ganin cikakken husufin rana idan kana Kaduna

Ranar 29 ga Maris 2006, mutanen Gusau da Katsina sun ga duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki, mu kuwa a Kaduna rana ce kawai ta dusashe. Dalili shi ne inuwar wata siririya ce, yawanci faɗinta ba ya kai kilomita 300. Wanda ke wajenta, ko da wata ya rufe masa kashi 99 cikin 100 na rana, bai ga cikakken husufi ba. Saboda haka shirin farko na tafiya ne.

Fara da zaɓen ranar. A 2 ga Agusta 2027 inuwar za ta ratsa Maroko, Aljeriya, Libiya da Masar, ta bi ta Jidda da Makka. A kusa da Luksor duhun zai wuce minti 6, a Makka kuwa kamar minti 5. Mai niyyar umara ya daidaita tafiyarsa da wannan rana, amma ya lura cewa Madina ba ta cikin inuwar. Wanda aljihunsa bai kai ba ya jira 20 ga Maris 2034: husufin zai shigo Najeriya ta Legas da birnin Benin da hantsi, ya wuce Kamaru da Chadi. Wannan karon ma Kaduna na waje, sai an gangara kudu. Ka nemi taswirar NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a intanet, ka zaɓi garin da ke tsakiyar layin da inuwar za ta bi, domin a gefe duhun daƙiƙoƙi ne kawai. Ka isa da kwana ɗaya a hannu, ka kuma tanadi mota, don a Maris kudu ta fara haɗa gajimare.

Sai maganar ido, kuma a nan ba wasa. Hasken rana yana ƙona bayan ido ba tare da ka ji zafi ba, sai bayan sa'o'i ka fara ganin tabo. Baƙin tabarau na kwalliya, gilashin da aka turara da hayaƙi, tsohon fim ɗin hoton ƙashi, kallo cikin kwanon ruwa, duk ba sa karewa. Ka sayi tabarau na husufi mai ɗauke da lamba ISO 12312-2, ka ɗaga shi ga fitila, in ka ga huji ko karce ka yar. Gilashin walda ma yana yi, amma sai mai lamba 14. In ka je kasuwar Panteka ka duba lambar da idonka, domin na aikin yau da kullum yawanci bai kai haka duhu ba.

Yara kuwa, a ba su gwagwa ko kwalin da aka huda da allura, su juya wa rana baya, su kalli ƙasa. Kowane huji zai zana lauje. Ƙarƙashin darbejiya ma haka za ka gani.

A ranar, wata zai shafe sama da sa'a ɗaya yana cin rana kaɗan-kaɗan. Tunda sallar kusufi doguwa ce, raka'a biyu mai ruku'u huɗu, a yi magana da liman tun da wuri a tayar da ita da zarar an fara. Iska za ta yi sanyi, inuwa ta yi kaifi. Da ɗigon hasken ƙarshe ya ɓace, cire tabarau, wannan ne kaɗai lokacin da babu haɗari. Za ka ga baƙin faifai kewaye da farin haske, Zara ta fito tsakar rana. Ni dai shawarata ka bar waya a aljihu, hoton da za ta ɗauka ba zai yi kyau ba. A sa mutum ɗaya ya riƙe agogo, ya ɗaga murya saura daƙiƙa 15 duhun ya ƙare, kowa ya mayar da tabarau.