Yadda ake tashi da mota mai giyar hannu a tseren mita 402

A tseren miƙaƙƙen layi, inda motoci biyu ke jeruwa su tashi daga tsaye zuwa mita 402, yawanci tun a mita 18 na farko ake sanin wanda zai ci. Mita 402 rubu'in mil ne, kuma daga Amurka ya samo asali, inda Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a janye samari masu tsere daga titunan gari zuwa fili killatacce. Takardar da ake miƙa wa direba bayan kowane gudu tana nuna lokacin da ya ci a ƙafa 60 na farko, wato mita 18.3, kuma gwanaye wannan lamba suke fara dubawa. Abin da aka saba gani shi ne, in ka rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a nan, sai ka iske ka rage kusan ninki biyunsa a ƙarshen layi.

Kafin komai, maganar wuri. Babbar hanyar RN1, ko hanyar Tanut, ko ta Magarya, ba filin gwaji ba ne. Ɗan kabu-kabu, amalanke da awaki ba su san kana auna lokaci ba. Ana buƙatar kwalta da aka rufe da izinin hukuma, mai shimfiɗa, wadda bayan layin ƙarshe akwai sauran aƙalla wasu mita 400 na taka birki. Hular kwano a kai, bel a ɗaure, ƴan kallo a bayan layin tashi.

Abin da ke faruwa tsakanin inji da taya

Inji yana juyi dubu uku a minti, taya tana tsaye cik. Dole wani abu ya zame kafin su daidaita, kuma abu biyu ne kawai ke iya zamewa: kuloci, wanda a garejin Damagaram aka fi kira ambirayaj, ko kuma taya. In ka saki kuloci gaba ɗaya alhali juyin inji ya yi ƙasa, taya za ta riƙe, inji ya shaƙe, juyinsa ya faɗo zuwa dubu ɗaya da ƴan kai, mota ta yi kamar an ja ta da igiya ta baya. In juyin ya yi yawa, taya ta suɓuce ta yi ta walwala a wuri ɗaya, ga ƙara ga hayaƙi, mota kuwa ba ta je ko'ina ba. Tashi mai kyau yana tsakanin waɗannan biyun, kuma wurin siriri ne.

Taya ta fi kama ƙasa lokacin da take zamewa kaɗan, abin da bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. A kunne, wannan ɗan gajeren kuka ne, "cit", sai ya ɗauke. Kukan da ya ja daƙiƙa biyu asara ce. Don haka aikin ƙafar hagu shi ne ta bar kuloci ya ɗauki yawancin zamewar na ɗan lokaci, ta miƙa wa taya ƙarfin da za ta iya ɗauka kawai.

Akwai kuma maganar nauyi. Da mota ta zabura, nauyinta yana komawa baya. Mai jan baya, irin Peugeot 504, Mercedes 190 ko BMW, wannan gaba ta kai ta, domin nauyin yana danne tayoyin da ke tura ta. Mai jan gaba, irin Corolla, Starlet da Golf, hancinta ne ke ɗagawa. Tana tsaye kusan kashi 60 na nauyinta yana gaba, amma a tashi mai ƙarfi sama da kashi 10 na nauyin motar yana gudu zuwa baya, daidai lokacin da tayoyin gaba suka fi buƙatarsa. Shi ya sa mai jan gaba ba ta son fizga, lallashi take so.

Duba mota tukuna

Gwada kuloci a giya ta huɗu, kana kan kilomita 50 a awa: taka totur har ƙasa. In allurar juyin inji ta hau amma gudu bai ƙaru ba, faifan ya cinye, kuma tashi uku ko huɗu za su ƙarasa shi. A motar da kulocinta ke aiki da mai, duba man ya kasance a cike kuma ba baƙi ba. Mai samfurin DOT 4 sabo yana jure zafi har digiri 230, DOT 3 kuwa 205, amma tsohon mai da ya sha danshi yana tafasa ƙasa da haka nesa, sai feda ta yi laushi giya ta ƙi shiga.

Sai robobin da ke riƙe inji. Ja birkin hannu, buɗe bonet, sa giya ta ɗaya, ka ɗaga kuloci a hankali, wani yana kallo daga gefe, ba daga gaba ba. In inji ya yi tsalle sosai, robar ta yage. Duba kardan, wato sandar da ke kai juyi daga akwatin giya zuwa taya: in robarsa ta fashe maiko ya zube, ko yana "kas-kas" a kwana, kada ka tashi da shi.

Taya ita ce rabin aikin. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar gwanjo da ta shekara shida ko bakwai tana shan rana robarta ta ƙandare, ko da zanenta bai goge ba, kuma babu gwanintar ƙafa da za ta sa ta kama kwalta. Iska kuma, motocin nan yawanci suna tafiya da wajen kilo 2.2, kamar yadda masu faci ke faɗa. Rage tayoyin da ke ja zuwa 1.9, sannan ka riƙa sauka da 0.1 kana gwadawa. Kada ka sauka ƙasa da 1.6 da tayar titi, domin tsakiyarta kan lotsa ciki, riƙon ya ragu maimakon ya ƙaru. Tayoyin da ba sa ja kuwa a ƙara musu zuwa 2.6 ko 2.8 don su yi sauƙin gangarawa, muddin ba a wuce iyakar da aka rubuta a jikinsu ba. Bayan an gama a mayar da kowace yadda take.

Kashe na'urar sanyi. In motar na da na'urar hana taya zamewa, kashe ta, don tana yanke ƙarfin inji a daidai lokacin tashi. Cire tabarmar ƙasa, ka sa takalmi mai siririn tafi. Silifa ba ta tashin mota. Matso da kujera yadda in ka taka kuloci har ƙasa gwiwarka na da sauran lanƙwasa.

Ƙasa da iskar Damagaram

Filayen tsere na Amurka da irin Santa Pod na Ingila ana fesa musu wani sinadari mai danƙo, ga kuma robar da ta manne shekara da shekaru, har takalmi kan maƙale. Lambobin juyin inji da ake gani a bidiyon intanet, dubu biyar, dubu shida, na irin wannan ƙasa ne. Kwaltarmu kullum da rairayi a kanta, lokacin hunturu kuma ƙura mai laushi kamar gari ke sauka ta kwanta. Tsintsiya ta fi kowane gyaran inji amfani a nan: a share mita 30 na farko, musamman sawun da tayoyi za su bi, kuma a sake sharewa in iska ta taso.

Zafi ma da nasa. A Afrilu da Mayu, da rana ta wuce digiri 40, iska ta fi ta safiyar digiri 20 sirancewa da kusan kashi 7 cikin 100, inji kuma yana rasa ƙarfi kusan haka. Kuloci ba ya saurin hucewa, kwalta ta yi laushi ta yi santsi. Gwaji da sassafe ya fi, kuma lokacin da aka auna da safe ba a kwatanta shi da na azahar.

Tashin kansa

Fara da sanin inda kuloci ke kamawa. A tsaye, ba tare da totur ba, ɗaga ƙafa a hankali har ka ji inji ya canza murya, mota ta ɗan yunƙura. Maimaita sau goma sha, har ƙafarka ta riƙa zuwa wurin ba tare da tunani ba. Wanda bai haddace wannan wuri ba, duk abin da ke biye caca ce.

A layi, sa giya ta ɗaya, tayoyin gaba a miƙe. Ɗaga juyin inji zuwa lambar farawa ka riƙe shi a tsaye. Wasan "bum-bum" da totur burge ƴan kallo ne kawai, kuma yana sa kowane tashi ya bambanta da na baya. Ƙaramar mai jan gaba, inji 1.3 zuwa 1.6 mai shan esansi, ta fara da 2,500. Mai jan baya mai babban inji, 2,000 zuwa 2,500. Mai turbo, wajen 3,000 zuwa 3,500, don turbo ya sami iskar da zai fara aiki. Mai gazuwal, 1,800 zuwa 2,000 ya isa. Mai jan ƙafa huɗu tana son sama da 4,000, amma a nan ne sakin kuloci farat ɗaya ya fi haɗari, domin taya huɗu ba sa zamewa, duk dukan yana ƙarewa a kan akwatin giya.

Ja birkin hannu, babban yatsa a kan maɓallinsa. Ɗaga kuloci zuwa bakin inda yake kamawa, har mota ta ɗan ja birkin. Wannan yana cire lakon da ke tsakanin haƙoran giya da kardan, don kada su karɓi ƙarfi kamar saukar guduma. Daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai ake yin haka, fiye da nan ƙona faifai ne.

Da alama ta zo, sauke birkin hannu, ka ɗaga kuloci cikin rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya, ƙafar dama na shiga totur a hankali a lokaci guda. Ƙafar hagu tana ɗan dakatawa a tsakiyar wurin kamawa, tsawon ƙiftawar ido biyu, sannan ta ƙarasa fita. Abin dubawa shi ne allura: ta tsaya kusa da inda ka fara, kada ta faɗi fiye da 500, kada kuma ta yi tsalle sama. Totur ba ya kaiwa ƙasa sai kuloci ya gama fita kuma taya ta riƙe. Kada ka zame ƙafa ta gefen feda ta fallo da kanta. Ana yin haka da tayoyin tsere masu laushin gefe, amma da tayar titi kardan ne ke biyan kuɗin.

In taya ta suɓuce, kada ka saki totur gaba ɗaya, don nauyi zai faɗo gaba, mota ta yi tangal-tangal. Sassauta kamar kashi ɗaya cikin huɗu har ta kama, sannan ka koma. In inji ya shaƙe, ɗan danna kuloci kaɗan juyi ya farfaɗo. A gudu na gaba sai a gyara: ya shaƙe, ƙara 250, ta suɓuce, rage 250 ko ka jinkirta ƙafar hagu. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gudu. Wanda ya canza iska da juyi da ƙafa a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Abu mafi muni shi ne tsallen taya: gaban mota ya kama girgiza, "dam-dam-dam", sitiyari na rawa a hannu. Taya ce ke kamawa tana saki sau da yawa a daƙiƙa, robobin inji da na ƙafa suna matsewa suna falla ta. Kowane kamu duka ne a kan kardan da haƙoran giya. Da ka ji shi, taka kuloci ka bar wannan gudun, kada ka ce za ka wuce shi da totur. Maganinsa sabbin robobi, abin shan gargada mai rai, da ƙarancin juyi.

Inda akwai fitilun tashi irin na filayen waje, rawaya uku ne ke kunnuwa bi da bi, rabin daƙiƙa tsakaninsu, sannan kore. Ana fara motsi da ganin rawaya ta uku, domin kafin ido ya gaya wa ƙafa, mota ta motsa, kore ya riga ya kunnu. Inda mai tuta ne, kalli kafaɗarsa, ita ke fara motsi kafin tutar.

Daga ta ɗaya zuwa ta biyu

Giya ta ɗaya gajera ce, ba a kai mita 30 ba an gama da ita. A akwatin giya irin na Corolla, ta ɗaya wajen 3.5 take, ta biyu 1.9. In ka canza a juyi 6,000, za ka sauka a wajen 3,200. In ka yi gaggawa ka canza a 4,500, sai ka tsinci kanka a 2,400, inda ƙaramin inji ba shi da kataɓus. Don haka a ja ta ɗaya har kusa da jan layin da ke kan agogon juyin inji, a canza kafin inji ya fara yankewa.

Kuloci har ƙasa, ja sandar giya da tafin hannu kana ɗan karkata ta hagu, saki da sauri. A nan ba a jan ƙafa kamar a tashi. Daga ta biyu zuwa ta uku, tura ta gaba da buɗaɗɗen hannu, sifirin zai kai ta tsakiya da kansa. Damƙe ta da ƙarfi shi ke kai ta ta ɗaya bisa kuskure, inji ya wuce iyakar juyinsa, bawul su lanƙwashe. Canza giya ba tare da ɗaga totur ba yana rage ɗan lokaci kaɗan, amma yana cinye zobban tagulla da ke daidaita giya, kuma bai dace da motar da gobe za ta kai yara lakwal ba.

Auna, sannan a huta

Ja layi a mita 18.3, ka sa wani ya ɗauki bidiyo daga gefe da waya mai ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa. Ƙirga hotuna daga motsin farko zuwa isar hanci kan layi, ka raba da 60. Mai jan gaba da tayar titi, daƙiƙa 2.3 zuwa 2.5 tashi ne mai kyau. Mai jan baya tana iya kusantar 2.1. Rubuta iska, juyi, lokaci da zafin rana a littafi.

Tsakanin gudu da gudu a bar minti goma, bonet a buɗe, ƙafa ba a kan kuloci ba. Tashi biyar ko shida sun isa rana ɗaya. Da an ji ƙauri mai kama da na ƙonannen birki, ko feda ta fara kamawa can sama, a tsaya. Faifan da ya yi zafi fiye da kima fuskarsa kan yi ƙyalli kamar gilashi, ƙarfen da yake mannewa a kai ya yi tabo shuɗi-shuɗi, kuma daga nan motar za ta riƙa karkarwa a kowane tashi har sai an sauke akwatin giya.