Yadda zaka warware wasan ƙofofi uku ba tare da kanka ya ɗaure ba

Wasan dai haka yake, ƙofofi 3 a rufe, bayan ɗaya akwai mota, sauran biyun kuma awaki. Ka zaɓi ɗaya, sai mai gabatar da shirin, wanda ya san inda motar take, ya buɗe wata ya nuna maka akuya ya ce zaka canza ko kana nan? Yawanci cewa ake ai duk ɗaya ne, rabi da rabi. Wallahi ba haka bane.

Ɗauki biro ka lissafa. Zaɓinka na farko damarsa 1 cikin 3 ce, kenan sau 2 cikin 3 akuya ka kama, kuma duk sanda ka kama akuya dole mutumin ya buɗe ɗayar akuyar tunda bazai tona motar ba, to ina motar zata kasance in ba a ƙofar da ta rage ba? Shi yasa canzawa ke baka 2 cikin 3.

In bai shige ka ba mayar da ƙofofin 100, ka zaɓi ɗaya ya buɗe 98 duk awaki ya tsallake guda, haka kawai ya tsallake ta?

A 1990 da wata marubuciya 'yar Amurka, Marilyn vos Savant, ta bada amsar nan a mujallar Parade dubban wasiƙu aka aiko ana ƙaryata ta, har da malaman lissafi. Don Allah gwada da kanka, kofuna 3 da kwandala, abokinka ya ɓoye, amma fa sai ya san inda take kafin ya buɗe, in da ka ya buɗe lissafin ya koma rabi da rabi.