Yadda ake haɗa allura mai jin taɓi da faifan fiyezo

Mai aiki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ko ɗalibi ne a Aliero ko mai gyaran waya a Gusau, ya san matsalar: ido yana ganin hagu da dama, amma ba ya gane lokacin da bakin allura ya sauka a kan abu. Resista (ƙaramin kayan da ke rage gudun lantarki) mai lamba 0402 tsawonta milimita 1 ne, faɗinta rabin haka. Ka ɗan ƙara dannawa, ta yi tsalle ta ɓace. Maganin shi ne allurar ta sanar da kai da kanta.

Jacques da Pierre Curie ne suka gano a 1880 cewa wasu duwatsu na fitar da lantarki idan an matse su. Farin yumbun da ke manne a kan faifan tagulla na cikin ƙararrawar kayan lantarki haka yake aiki, shi ake kira faifan fiyezo.

Ka tanadi faifai mai faɗin milimita 27, siririyar allura, gam mai ƙarfi, MCP6002 (ƙaramin guntun lantarki mai ƙafa 8 da ke ƙarfafa sigina), allon Arduino (ƙaramar kwamfutar da za ta karanta siginar ta nuna lamba), waya mai sulke, da resistoci: megaom 10 guda, kiloom 100 guda, kiloom 10 biyu.

Kada ka yanka faifan, yumbun tsagewa yake yi. Maƙale gefe ɗaya na tagullar tsakanin ƙarafa biyu, ka manna allurar a ɗaya gefen da ɗigon gam, yadda taɓi kaɗan zai lanƙwasa faifan. Sayi faifan da ya zo da wayoyinsa. In dole sai ka liƙa da dalma, kada ƙarfen ya wuce daƙiƙa biyu a wurin, don zafi na ɓamɓare azurfar da ke saman yumbun, yana kuma rage masa ji.

Da resistocin kiloom 10 ka raba volt 5 gida biyu, ka sami 2.5. Wayar da ke manne da tagullar faifan ta tafi wurin 2.5 ɗin. Wayar yumbu ta bi ta kiloom 100 zuwa ƙafa ta 3 ta MCP6002. Wannan kariya ce, domin bugu mai ƙarfi na iya haifar da gomman volt. Megaom 10 ta haɗa ƙafa ta 3 da wurin 2.5. Haɗe ƙafa ta 1 da ta 2, ka kai su ƙofar A0 ta Arduino. Ƙafa ta 8 wuta, ta 4 ƙasa, sulken waya ma ƙasa. Idan komai na zaune lafiya, Arduino zai nuna kusan 512, wato tsakiyar ma'auninsa.

Abin da ya fi ruɗa masu farawa shi ne fiyezo canji yake ji, ba nauyin da ya zauna ba. Faifan kamar kafasita ce, wato ma'ajiyar caji, ta wajen nanofarad 20. Da megaom 10, cajin kan ragu zuwa kusan sulusi cikin daƙiƙa 0.2. Saboda haka in ka sauko da allura a hankali ƙwarai, za ta taɓa har ta danne abu lambar ba ta motsa ba. Ka sauko da ita taki-taki, gajere amma da sauri, kana duba lambar bayan kowane taki. Taɓi zai karkata ta gefe guda, saki kuma ɗaya gefen. Da megaom 1 lokacin ya koma daƙiƙa 0.02, shi ya sa ba mu son ta a wannan aiki.

Kafin aiki, bar na'urar daƙiƙa 10 ba taɓi, ka ga iyakar rawar lambar, ka sa alamar taɓi ta ninka wannan sau 3. Idan rawar ta yi yawa, yawanci wutar gida ce mai juyi 50 a daƙiƙa: gajarta wayar, ka riƙa ɗaukar matsakaicin karatu na milidaƙiƙa 20, wato juyi guda cur. Girgizar janareto da takun mutane kuwa, ɗora aikin a kan tayil mai nauyi bisa tubun babur mai iska kaɗan.

Yumbun yana jin zafi ma. Numfashinka ko fitilar madubi na iya sa lambar tafiya ita kaɗai, don haka yi masa rumfar kwali, ban da leda, wadda ke tara caji a bushewar hunturu. Da damina kuma laima da dattin dalma kan zurar da cajin ta saman allo. Goge kewayen ƙafa ta 3 da sifirit, ka bari ya bushe sarai kafin ka kunna.