Yadda na kashe bugun radiyetar tururi a wani tsohon gini a New York

Radiyetar, wato na'urar ɗumama ɗaki, ta zubin ƙarfe ce mai bututu ɗaya: tururi ya shiga, in ya huce ya zama ruwa, ya koma ta wannan hanya guda. Alamarta ƙaramin bawul ɗin iska a ɗaya gefen. Da tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi ta kama, sai bugu kamar ana sara da guduma. Ashe daɓe ne ya lotsa, radiyetar ta karkace, ruwa ya kwanta cikinta, tururi na tunkuɗa shi.

Bayan ta huce, na cusa katako mai kaurin milimita 6 ƙarƙashin ƙafafun da ke nesa da bututu, na buɗe bawul ɗin ƙasa, wanda tururi ke shiga ta cikinsa, har ƙarshe, don in an buɗe shi rabi-rabi yakan tare ruwa. Na iskan ya toshe, amma tagulla ce, ba ta yarwa ba. Na tafasa shi cikin ruwan khal minti 20. Matsin tukunya kuma na sauke shi ƙasa da psi 2 (psi ma'aunin matsi ne).