Darasi na 9: Kanar Roebling da Gadar Brooklyn

Malami zai karanta sau ɗaya, sannan kowa ya karanta a hankali.

An haifi Washington Roebling a Amurka a shekarar 1837. Mahaifinsa John maginin gadoji ne, shi ma ɗan ya yi karatun injiniya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, ya shiga sojan Arewa, masu kare haɗin kan ƙasar. Kurtu ya shiga, Kanar ya fito. A lokacin yaƙin ya riƙa gina wa sojoji gadoji a kan koguna, kuma da shi aka yi gumurzun Gettysburg a 1863.

A 1869 uban yana shirin gina gada a kan kogin da ke tsakanin Brooklyn da Manhattan, waɗanda yanzu sassa ne na birnin New York, sai jirgin fito ya murƙushe masa yatsun ƙafa. Ciwon sarƙe-haƙora ya shiga raunin, ya yi ajalinsa. Jama'a, kada mu raina rauni. Aikin ya faɗo kan ɗan, yana da shekara 32.

To, yaya ake aza harsashi a ƙarƙashin kogi? Ku kifa kofi a cikin bokitin ruwa, ku danna shi ƙasa. Za ku ga iskar da ke ciki ta hana ruwa cika shi. Haka suka yi da wani ƙaton akwatin katako: suka kifa shi a gindin kogi, ana hura masa iska da inji, leburori suna haƙa a ciki. Amma wanda ya fito sama da sauri, sai gaɓoɓinsa su kama ciwo, wani ya shanye, wani ya mutu. Roebling ya fi kowa shiga akwatin. A 1872 ciwon ya kwantar da shi.

Nan matarsa Emily ta ɗaura ɗamara, kuma ita ce ta fi burge ni. Da aurenta da ɗanta ta zauna ta koyi lissafin injiniya da sanin ƙarfin waya. Ita ke kai umarnin mijinta wurin aiki, ta dawo masa da amsa, shi kuwa yana hangen gadar ta taga da tabarau mai hangen nesa. An buɗe gadar ranar 24 ga Mayu, 1883. Har yau ana bi ta kanta.

Aikin gida: daga 1872 zuwa 1883 shekara nawa ke nan? Roebling ya rasu a 1926. Shekararsa nawa a duniya? Ku gwada kofi da bokiti, ku rubuta layi biyu kan abin da kuka gani.