Kurakuran da mutane ke yi idan za su je Nashville

Jama'a duk mai shirin zuwa Nashville, garin waƙoƙin kantiri (country music, salon kiɗan karkarar Amurka) a jihar Tennessee ta Amurka, ya tsaya ya karanta wannan tukun, don yawancin wahalar da baƙi ke sha a can su suke janyo wa kansu.

Tun daga jirgi ake fara ɓata lissafi. Babu jirgin da zai ɗauke ka daga Kano ko Abuja ya dire ka Nashville kai tsaye, sai dai ka bi ta Atlanta ko Landan ko wani gari, kuma in ta Atlanta ka shigo to a nan za ka yi layin imigireshan, ka ɗauki jakarka, ka bi ta kwastam, ka sake miƙa ta, ka sake bin layin bincike, amma sai ka ga mutum ya bar awa ɗaya tsakanin jirage biyu wai yana sauri. Malam bar awa 3 ko fiye. Kuma don Allah a bar kilishi da dambun nama a gida, ba sa barin a shiga da nama, in ka ɓoye suka gano tara ce. Agogon Nashville kuma yana bayan na Atlanta da New York da awa ɗaya, ka gyara naka.

Filin jirgin, BNA, bai fi kilomita 13 zuwa tsakiyar gari ba. Akwai bas mai lamba 18 na kamfanin WeGo mai arha sosai in kayanka ba su da yawa, in ba haka ba Uber ko Lyft. Masu rugawa su yi hayar mota su ne ke kuka daga baya, kuɗin fakin a tsakiyar gari kaɗai ya isa ya ɓata maka rai.

Babban kuskuren dai shi ne ɗaukar cewa komai yana kan titin Broadway. A'a. Grand Ole Opry, shirin waƙoƙin rediyon nan da ake yi a gaban 'yan kallo, da aka fara tun 1925 a tashar WSM, wanda shi ya ɗaga sunan garin, ba a tsakiyar gari ake yin sa ba yanzu. Daga 1943 zuwa 1974 a Ryman Auditorium, wani zauren wasa kusa da Broadway, ake yi, sannan aka koma Opry House can wajen rukunin shagunan Opry Mills, tafiyar kamar minti 20 zuwa 30 a mota in babu cunkoso. Mutum sai ya sayi tikiti ya je ƙofar Ryman ya tsaya yana jira alhali ana can ana cashewa a wani waje. Abin da ke ƙara rikita mutane, wani lokacin da sanyi sukan dawo da shirin Ryman ɗin, saboda haka ka karanta abin da aka rubuta a tikitinka da kyau. Haka RCA Studio B inda mawaƙi Elvis Presley ya naɗi waƙoƙi da yawa, ba a zuwa kai tsaye a buga ƙofa, daga gidan tarihin Country Music Hall of Fame ake sayen tikiti motarsu ta kai ka. Bluebird Cafe kuwa ɗan ƙaramin wurin sauraron mawaƙa ne a unguwar Green Hills, kujerun ba su kai 100 ba, in ba ka kama wuri ta intanet da wuri ba sai dai ka yi hoto a waje.

Shi kansa Broadway ɗin gaskiya mashaya ce jere da juna, su Tootsie's da Robert's Western World, kiɗa na tashi tun da rana har tsakar dare. Wanda ba ya son hayaniyar 'yan giya ko yana tare da iyali ya je da rana, da dare yawancinsu sai mai shekara 21 kuma sai ka nuna shaida, fasfo ɗinka kenan. Shiga kyauta ne amma makaɗan da abin da aka jefa musu a bokiti suke rayuwa, za ka ga ana zagayawa da shi tsakanin waƙa da waƙa, kar ka zauna awa biyu ka tashi hannu rabbana, riƙe 'yan dala 5 ko 10 a aljihu. A gidan abinci ma ana ƙara wa mai kawo abinci kashi 18 zuwa 20, ga haraji kusan kashi 10 da ba a rubuta shi a jikin farashi.

Maganar abinci, a nan ne sai an buɗe ido. Naman alade yana shiga wuraren da ba ka zata ba, ganyen da suke dafawa da wake sau da yawa da shi ake haɗawa, to ka tambaya kafin ka ci. Kazarsu mai yaji ta Prince's ko Hattie B's kuma kar ka ce ai mu 'yan yaji ne ka zaɓi matakin ƙarshe, fara da na tsakiya. Mai neman halal ya nufi titin Nolensville Pike, Nashville ne ya fi ko'ina yawan Kurdawa a Amurka, akwai shagunansu da gidajen abinci da masallatai a wajen.

Wani abin da nake ganin asara ce, mutum ya tsallake National Museum of African American Music, gidan tarihin kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da aka buɗe a 2021, ga shi nan dab da Ryman. Banjo ɗin da ake taƙama da shi a kiɗan kantiri asalinsa daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne da bayi suka tafi da iliminsu, duk wanda ya san gurmi ko molo zai ga dangantakar.

Watan Yuni lokacin CMA Fest, babban bikin waƙoƙin kantiri, otal yana tsada ba kaɗan ba, ga zafi mai gumi. Graceland kuma, gidan Elvis, a Memphis yake, tafiyar awa 3 a mota, kar ka sa shi cikin yawon yamma ɗaya.